Teburin Bawa a Bakin Ƙofa

Ranar da na yi faɗa da Bawa a bakin kantinshi na Gusau, har masu gyaran babur na tsallaken titi sai da suka ajiye aiki suka zo kallo. Jikata ce ta haihu, suna saura kwana uku. Na cika kwando da sabulu da man shafawa da madarar gwangwani da 'yan rigunan jinjiri, na kai gaban teburin da ake biya, na tsaya. Na dubi dama, na dubi hagu, na dire mashi kayanshi na fice. Ya biyo ni har kan kwalta da takalmi ɗaya a ƙafa.

"Inna, lafiya? Wani ya yi maki rashin kunya?"

"Kantinka ya yi mani," na ce. "Wanga kanti ne ko ofishin hakimi? Wannan ya rubuta mani takarda, ya ce in kai wa wancan. Wancan ya ce in na biya in kai wa wani ya buga hatimi. Sannan an buɗe littafi ana tambayata sunana da sunan unguwarmu. Ranar da aka ɗaura mani aure ma ba a yi mani tambaya haka ba."

"Tsari ne, Inna. Haka ake yi a Kaduna."

"To ka je ka kwaso mutanen Kaduna su saya. Kuma leda naira biyu, sai da na iso ƙarshe ake faɗa mani. In na ƙi biya fa, a haɓar zane zan ƙulle madarar?"

Masu babur suka yi dariya. Wani a cikinsu ya ce, "Ba shi, Hajiya." Na ce mashi ban je ba tukuna, ya riƙe Hajiyarshi, ya koma kan tayarshi.

Duk abin da na faɗa wa Bawa gaskiya ne, amma ba shi ya fitar da ni ba. Ni kuɗina a wata 'yar jaka suke zama, ɗinke a jikin fatarina, ƙarƙashin zane biyu. Kafin in kai hannu gare su sai na sassauta ɗauri, na ɗan duƙa, na laluba. Shi kuwa Bawa ya kafa teburinshi a bakin ƙofa tsaf, yana kallon titi, maza na zaune a benci a waje, ga kuma ƙaton madubi a bango wanda ke nuna bayan mutum ga duk wanda ke cikin kantin. A nan ake so in kwance zane. Wannan magana kuwa ba a faɗa wa namiji ita, balle namijin da na goya. Sai na sauke fushina a kan leda.

Bawa ɗan Saude ne, ƙawata tun muna tallan gyaɗa a Bungudu. Ni aure ya kai ni Tsafe, ita ta zauna gida har Allah ya karɓi abinshi. Tun yana jinjiri ba ya zama. In ka goya shi, kafin ka gama tankaɗe ya zame ta gefen zane. Da ya tasa ya koyi kafinta, damina biyu, ya iya har ana yabonshi, sai ya bari. Ya sayar da kalanzir. Ya yi kwandasta a hanyar Funtua. Daga nan ya faɗa Kaduna, kantin wani Kwara ɗan Labanan, inda ya yi shekara huɗu, mafi daɗewar da ya taɓa yi a wuri guda, shi ma don kantin babba ne, duk wata ana canza mashi sashe. Ba malalaci ba ne, kada a ce na ce. Bawa ya fi jaki aiki. Abin da bai iya ba shi ne wayewar gari ya tarar da abu yadda ya bar shi jiya.

Da aka ba mu jihar Zamfara, Gusau ta cika da ma'aikata daga Sakkwato, kowa na neman ɗaki da shago. Bawa ya dawo da idanu a tsaye. Ya sayar da fadamar ubanshi ta bakin gulbi a Bungudu, wadda ke ba su albasa da rake tun kakanni, ya kama shago mai ƙofa biyu, ya biya hayar shekara, ya zuba kaya. Irin kantin nan ne da mutum ke ɗaukar kwando ya zagaya ya zaɓi abin da yake so da hannunshi. Ya ɗauko Idris, yayan matarshi Mairo, ya zaunar da shi wurin karɓar kuɗi. Mai ginin kuwa ya faɗa mashi tun farko, ba ɓoye-ɓoye: in babbar Sallah ta zo hayar baɗi ba ta hannu, akwai ɗan kwangilar da ke jiran wurin zai yi ofis. Kuma babu wata fadamar da za a sayar.

Ma'aikata ba su da matsala da teburin Bawa. Mutum ya zaro walat daga aljihun baya, ya biya, ya wuce. Sai dai ma'aikaci mako guda yake da kuɗi a wata. Masu kuɗin gaske su ne mutanenmu bayan kaka: manoman Magami da 'Yandoto da suka sayar da hatsi da auduga, makiyayan da suka sayar da sa, da mata masu biki da suna. Kuma suna shigowa. Daɗi ma suke ji, su taɓa wannan su shinshina wancan, ba mai binsu da "mi za a kawo?" Su cika kwando, su iso bakin ƙofa, su ajiye, su tafi. Aikin Idris na bayan la'asar shi ne mayar da kaya kan kanta.

Bawa ya samo alli. Duk kwandon da aka bari sai ya ja layi a bangon bayan ƙofa. Kafin wata uku bangon ya koma kamar jikin zabuwa.

Abu ɗaya da zan yabe shi da shi, yana jin magana. Kwana biyu bayan faɗanmu ya haɗe tebur ukun nan, na takarda da na biya da na hatimi, suka koma ɗaya. Littafin sunaye ya ba Mairo ta hura wuta da shi. Leda ta koma kyauta. Ya manna farashi da manyan lambobi a jikin komai, ya ce wa Idris wanda bai iya karatu ba a faɗa mashi jimla da baki, sau ɗaya, kada a ƙara ko sisi daga baya. Layukan alli suka ɗan ragu. Ba su daina ba.

Daga nan ne ya kama teburin da kokawa. Yau yana dama da ƙofa, jibi yana hagu. Ya yanke mashi ƙafafu wai ya yi wa mata tsawo. Ya ƙara mashi ƙafafu wai masu babbar riga suna duƙawa. Ya sa fanka a kai, ya sa rediyo, ya cire rediyon. Ya yi mashi fenti kore. Idris ya ce mani kullum da safe sai ya tambayi inda wurin aikinshi ya kwana. Amma duk juyin nan teburin bai taɓa barin bakin ƙofa ba, don a Kaduna an koya wa Bawa cewa in wurin biya ya yi nisa da ƙofa, ɓarawo ya samu hanya. Madubin ma canza shi ya yi da wanda ya fi girma.

Ana cikin wahalar man fetur ɗin nan sai ga shi a Tsafe bisa babur, ya sayi galan da tsadar da ban son tunawa. Ina tsakar gida ina mulmula daddawa.

"Zauna," na ce.

"Na zauna, Inna." Yana tsaye, yana karkaɗa makulli.

"Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Inna, na gyara duk abin da kika ce. Ki faɗa mani saura mi?"

"Ni na buɗe kantin?"

"Ke kika fara barin kwando a gabana. Kin san abin da ke korar su."

Na san shi kuwa. Maganar ta zo har bakina. Na dube shi, ga gemu ga furfura ɗaya-ɗaya, amma ni yaron da na wanke wa kashi nake gani, kuma ɗan farin Saude. Yaya zan buɗe baki in ce mashi fatari? Na tashi na dama mashi fura. Ya sha rabi a tsaye, ya ce zai gano da kanshi, ya buga babur.

Ya kuwa gano wani abu. Ya riƙa tsayawa kusa da tebur yana saurare, ya lura kusan duk mai barin kwando magana ɗaya yake yi: bari in kama ruwa in dawo. Kowa a ƙasar nan ya san wannan maganar fita kunya ce, mutum ya samu ya zame. Bawa ya ɗauke ta da gaske. Ya sayo bulo da buhun siminti biyu daga kuɗin da yake tarawa na haya, ya gina makewayi a bayan kanti, ya ajiye buta biyu sababbi, ya zana kibiya a bango.

Saura mako biyar Sallah na shigo Gusau duba jikata, na biya ta kantin. Na tarar da Buba a ciki. Buba makiyayi ne daga dajin Magami, wurin matarshi Inno nake sayen man shanu shekara da shekaru. Ya sayar da bijimai biyu, yana haɗa wa ɗanshi kayan aure. Kwando uku ya cika: atamfa, fitila, tocila, bargo, kwanuka, har da agogon bango. Na ga Bawa na zagaya shi kamar kaza ta ga tsaba, yana ta murza hannu. Cinikin nan kaɗai ya isa ya toshe ramin siminti har ya yi saura.

Idris ya faɗi jimla. Buba ya gyaɗa kai, bai ko nemi ragi ba. Sannan ya dubi titi. Ya dubi mazan da ke benci. Ya ɗaga kai ya ga ƙeyarshi a madubi. Lokacin hamsin ce babbar takarda, kuɗin sa biyu kuwa dami ne, kuma na san inda suke: a lalita, ɗaure a ƙugu, ƙarƙashin riga, cikin wando. Ko da zai iya ɗage riga a gaban jama'a, wane makiyayi ne zai nuna wa titin Gusau abin da zai bi daji da shi?

"Bari in kama ruwa," in ji Buba.

"Bismilla, Malam Buba, ga wuri nan mun tanada," Bawa ya ce, har da rawar jiki. Ya kama hannunshi, ya zagaya da shi baya, ya miƙa mashi buta cike.

Na bi su a hankali na laɓe a kusurwa. Bawa ya dawo ciki yana murmushi. Buba ya tsaya a ƙofar makewayin nan, buta a hannu. Lalitar irin tasu layu ne jere a jikinta, da sunayen Allah a ciki, ba a shiga wurin ƙazanta da ita. In kuma zai cire ta, sai dai ya cire a fili, ga tagogin maƙwabta. Ya daɗe tsaye. Sannan ya zuba ruwan a ƙafafunshi, ya ajiye butar a hankali kada ta yi ƙara, ya bi lungu.

Ba sai an faɗa mani inda ya nufa ba. Tsohuwar kasuwa ya tafi, rumfunan nan masu duhu da buhuna jibge. Can in an gama ciniki, mai rumfa kan ce bari in duba maka wani a ciki, ya juya baya ya yi ta motsa kaya ba abin da yake nema, har sai ya ji ka yi gyaran murya. Ba wanda ya koya masu, ba kuma wanda ya taɓa faɗin dalili. Ni kaina shekara arba'in ana juya mani baya haka ban taɓa cewa na gode ba.

Bawa ya jira. Ya leƙa baya, ya dawo. Ya sake leƙawa. Ya ɗauko butar, ya jijjiga ta, ya ji ba ruwa. Ya ɗauki alli zai ja layi, sai na ga ya sulale ya zauna a ƙasa, tsakanin kwandunan nan uku. Tunda aka haife shi ban taɓa ganin ya zauna ba, ko an ce ya zauna, balle ba a ce ba. Abin ya tsorata ni. Fadamar nan na gani, da Saude duƙe tana cirar albasa, za ta tafi a banza saboda ni ina jin kunya.

Na juya na fita. Na wuce gidansu, na sami Mairo tana tsince shinkafa, na ce ta shigo ɗaki ta saki labule. Mairo 'yar birni ce, ta yi makaranta, jakar hannu take riƙewa mai zif.

"Ce mani kayana naira ɗari uku," na ce.

"Wane kaya, Inna?"

"Ke dai ki faɗa."

Ta faɗa. Na ajiye mayafi. Na sassauta zane na sama, na riƙe shi da haɓa, na sassauta na biyu, na duƙa, na lalubo jakar, na kwance igiyar da haƙori. Mairo ta fara dariya har tana riƙe ciki. Na ce, "To yanzu ki ɗauke ni haka ki kai ni bakin ƙofar kantinku, ki sa mani madubi a baya." Dariyar ta tsaya.

"Wayyo, Inna. Ashe shi ne."

"Awo, shi ne. Mazan ƙauye ma haka, nasu ya fi nawa zurfi. Ki faɗa wa mijinki, ni ba da bakina ba. Ki tambaye shi, in uwarshi za ta ba shi kuɗin makaranta, a gabanshi take cirowa?"

Washegari Mairo ta ba ni amsa. Wai ya ce ɗaki take shiga ta fito da su. Shi duk tsawon rayuwarshi ya ɗauka a ɗakin suke zaune.

Kwana goma Bawa bai yarda mun haɗa ido ba. In ya gaishe ni, silin yake gaisarwa. Amma ya ciro zarto da gudumar da ya yi shekaru bai taɓa ba. Ya sauke madubin. Ya ja teburin zuwa can ƙuryar kanti, inda ba a hango shi daga titi. A gefenshi ya kafa 'yan ɗakuna biyu na falanki, ɗaya na maza ɗaya na mata, kowanne da labule da benci da ƙusar rataya mayafi ko hula. Ya aiko Mairo ta ce in zo in duba. Dole na ƙara kwana huɗu a Gusau, daddawata na can tana jirana.

Na shiga na mata na fito. "Labulen ya ɗage, ana ganin ƙafa. Mai ganin ƙafa ya san an duƙa."

Ya rubuta a tafin hannu, yana kallon gefe.

"Kuma yadin ya yi shara-shara. Ka sa mai kauri. Wancan katakon da ke jingine fa, mi aka rubuta a kai?"

Idris ya karanta mani: Ɗakin Ciro Kuɗi.

"Har da fenti ja," na ce. "Don Allah Idris, in kai ne, za ka shiga ɗakin da ke shela cewa kana da kuɗi a wando? Ku kai wa Mairo ta ƙara a murhu."

"To in ba a rubuta ba, yaya za su san na mi ne?" Bawa ya tambayi silin.

"Ka sa randa da moɗa a kowanne. In Idris ya faɗi jimla, sai ya ce a shiga a sha ruwa, an sha rana. Shi kuma ya sunkuya ya yi ta ɗaure kaya a leda, kada ya ɗago sai an yi gyaran murya. Kowa zai gane, ba kuma wanda ya ce komai."

"Ɓarayi fa? Ƙofa ta zama ba kowa."

"Kai mi kake yi? Ka tsaya a ƙofar. Dama tsayuwa ce sana'arka."

Haka aka yi. Ranar farko wata tsohuwa daga 'Yandoto ta shiga shan ruwa, ta daɗe har Idris ya fara tsoro, ta fito ta zube mashi kuɗin kwano goma sha biyu, ta ce ruwan randar nan da sanyi yake. Ba ta ko taɓa moɗar ba, a bushe na same ta. Irin wannan labari kuwa ba ya bukatar mai shela. Mata suna faɗa wa mata a wurin suna da wurin daka. Na aika wa Inno da saƙo ta bakin masu kawo nono, kafin mako ya zagayo sai ga Buba da 'yan'uwanshi biyu. Kayan aure ya riga ya saya a kasuwa, wannan ya wuce, amma ya yi sayayyar Sallah. Da ya fito daga bayan labule ya dubi Bawa ya ce, "Yanzu ka yi kanti." Bawa na bakin ƙofa yana kai da kawowa kamar an ɗaure akuya da gajeren igiya, yana yi wa kowa sannu da zuwa sau biyu.

Saura kwana uku Sallah sai ga shi a Tsafe da hantsi. Wannan karon mota ya shigo. Rigarshi ta yi tudu a gaba.

"Sun cika, Inna. Hayar shekara cif."

"Alhamdu lillahi. To mi ya kawo su Tsafe? Mai ginin ya ƙaura ne?"

Ya zagaya turmi. Ya ɗauki taɓarya ya mayar. "Inna, na yi wani tunani. Abin nan da muka gano, ba wanda ya san shi a manyan kantuna. In na shiga Kano da kuɗin nan, na kama ɗan wuri, na riƙa yi wa masu kanti irin ɗakunan nan... Akwai ma wata na'ura da na ji labari, tana buga rasit da kanta. Kantin Gusau ya riga ya tsaya. Yanzu ba abin da ya rage a cikinshi sai zama."

"Shi ne ka gudo."

"Ba gudu ba ne. Shawara na zo nema."

"Wanda ya zo shawara ba ya zuwa da kuɗin mota a aljihu ɗaya, kuɗin haya a ɗaya. In ba ka biya ba, jibi ɗan kwangila ya sa kujera inda randata take. Mairo da 'ya'yanta huɗu su ci na'ura?"

"Wata shida kawai, in na samu—"

"Kawo in gani ko sun cika da gaske. Kai da lissafi tun kana kwandasta ban yarda da ku ba."

Ya zaro ledar ya miƙo mani. Na shiga ɗaki. Na raba damin biyu don jakata ba za ta ɗauka ba, rabi a ciki, rabi na naɗe a ɗankwali na ɗaura a ƙugu, na mayar da zannuwana, na yafa mayafi, na fito ina tafiya kamar mai ciki wata bakwai.

"Ina kuɗin, Inna?"

"Suna inda aka faɗa maka. Zo ka ɗauka."

Ya dubi sama. Ya dubi ƙasa. Maƙwabciyata da ke leƙe ta katanga ta ce, "Bawan Allah, ka haƙura, ko soja bai isa ba."

Muka shiga motar Gusau, ni a gaba don ƙuguna ba ya lanƙwasuwa, shi a baya. Tun daga Tsafe har muka iso yana magana a kan Kano, ni ina kallon gonaki. A gidan mai ginin na bar su a zaure, na shiga wurin iyalinshi, na roƙi ɗaki, na fito da kuɗin a faranti da rufi kamar na kawo tuwo. Alhajin mai ginin ya ƙirga, ya rubuta takarda, ya miƙa wa Bawa. Na riga shi karɓa. Muka biya ta gida na danƙa wa Mairo, na ce ta nemi inda za ta ɗinke ta.

Kantin yana nan har yau da nake wannan magana. Idris ke zaune a tebur, Mairo ke faɗin abin da za a saro, an ƙara ɗaki na uku don ranar Juma'a layi ake yi. Wasu kantuna biyu a layin sun kwaikwaya, ɗaya har da rubutu a ƙofa, ba mai shiga. Shi kuwa Bawa, kwana biyu bayan Sallah ya tafi Kano ganin na'ura, wai mako biyu. Damina biyu ke nan. Yana aiko wa Mairo da saƙo da ɗan abin da ya samu, wani lokaci daga Kano, wani lokaci daga Maraɗi. Ni ban sake sa shi a ido ba tun ranar da muka biya hayar, da ya rako ni tasha.

Ya samo mani wuri kusa da taga, ya tsaya yana taɓa ƙofar motar, yana taɓa madubin direba.

"Inna, ko da na biya, zan dai je in gani. Gani kawai."

"Na sani," na ce. Dama tun a ɗakin matan Alhaji na ware naira hamsin daga nawa na riƙe a hannu, don na san za a zo nan. Na miƙa mashi ta taga. "Makulli ka ba Mairo yau, ba gobe ba. Kuɗin kanti ko sisi kada ka taɓa. Ungo wannan, ya kai ka Funtua. Sauran hanyar ƙafarka ta biya, tunda ita ke son zuwa."